Rahamatu Mai Furen Kaba

A Kankia, in ka tambayi tsofaffin da suka riski zamanin Turawa wace ce ta fi kowa iya saƙar faifai, ba sa dogon tunani, Rahamatu matar Manu za su ce maka. In ka ƙara da tambayar wace ce ta fi kowa kunya, ita ɗin dai za su sake ambata, har da jinjina kai. Wannan yabo na biyu kuwa, da sun tsaya sun auna abin da ya ci mata, da sun riƙe abinsu.

Mutuniyar ƙauyen Boko ce ta ƙasar Kusada. A can ta koyi sana'a wurin kakarta, tsohuwa mai zafin hannu wadda ke warware faifai sukutum in ta ga zare ɗaya ya karkace. Kafin a kai Rahamatu ɗakin miji ta san yadda ake tsaga kaba ta yi siriri, ta san karan dafi ke ba da ja, saiwar rawaya ta ba da ruwan ɗorawa, bagaruwa da kashin maƙera su ba da baƙi wuluk. Da aka kawo ta Kankia gidan Manu, manomin gyaɗa a bakin gari, ba ta yi shekara ba sai da ya zamana amaryar da ba faifan Rahamatu a kayanta gani take an rage mata wani abu.

Haihuwarta ta fari namiji ne, aka sa masa Dawuda. To, ɗan fari a wancan zamani ba abin nunawa ba ne. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa magana ido da ido, in an tambaye ta ma ba ta amsa cewa nata ne. Kowace mace na yin wannan gwargwado, amma Rahamatu ta kai abin maƙura. In za ta ba shi nono sai ta kau da fuska ga bango, kai ka ce bangon ne ya yi mata sallama. Ana yaye shi Turai, yayar Manu, ta goya shi ta tafi da shi gidan aurenta a Bauranya. Tun daga ranar sunansa a bakin Rahamatu ya zama ɗan Turai.

Ta sake haihuwa sau huɗu, duk huɗun suka koma tun ba su yi wayo ba. Manu ya bi su a shekarar da fara ta cinye gonaki. Sai Dawuda, wanda ya zama saurayi a lokacin, ya dawo ya riƙe gidan ubansa, ya auro wata yarinya mai shiru-shiru, Hawwa. Ga uwa ga ɗa a gida guda, shi kaɗai ya rage mata a duniya, amma magana tsakaninsu sai ta bi ta hannun wani. In rufin rumbu na yoyo, Rahamatu sai ta dubi Hawwa ta ce, "Ɗiyar nan, a shaida ma mutanen gidanga damina ta matso." In Hawwa ba ta kusa, akuya ma takan samu wannan saƙo. Shi kuma yana zaune taku biyar daga wurin, sai ya tashi ya ɗauko tsani.

Kada wani ya ce ba ta son shi. Tana son shi son da har ciwo yake mata. Ta san takunsa tun daga bakin rijiya. In ya yi tari sau biyu da safe, kafin azahar akwai jiƙon saiwa a ƙofar ɗakin Hawwa, ba a san wanda ya ajiye ba. Kallonsa kuwa sai ya juya baya take yi, har ta fi sanin ƙeyarsa a kan fuskarsa.

Da yaƙin Turawa na biyu ya yi zafi, aka shiga diban gwamna. Kowace unguwa sai ta ba da maza majiya ƙarfi a kai su haƙar kuza a duwatsun Jos. Waɗanda suka dawo sun dawo da tari da kumburin ƙafa, suna ba da labarin sanyin da ke shiga ƙashi. Wasu kuwa labarinsu kawai ya dawo. Rahamatu ta daina jin daɗin abinci. Allah ya taimaka, tsoho Audi sarkin bariki, abokin Manu ne tun ƙuruciya, ya sama wa Dawuda aiki a barikin da Turawa ke sauka a bakin hanyar Kano: jan ruwa, shara, da shirya tebur. Wanda ke aikin bariki ba a dibarsa. Ranar da ya fara sa kakin aiki Rahamatu ta yi sadakar waina, da aka tambaye ta dalili ta ce mafarki ta yi.

Ana nan cikin bazara sai wani Baturen hanya ya sauka da matarsa, za su yi wata uku ana gyaran gadoji. Baturen ba shi da matsala, a ba shi shayi a bar shi da takardunsa. Uwargidan ce aiki. Mace ce doguwa, zafin garin ya hana ta sakat, kewar gida kuma ta koma mata faɗa. Abin da ta kafe a kai shi ne ba za ta ci abinci a tebur ba sai da furanni a tsakiyarsa. Furanni a Kankia, a watan da ko tsamiya ta gaji! Dawuda ya zagaya jeji bai samu komai ba sai tumfafiya, ya karyo ya cusa a kwalba. Kafin a kawo miya ta yi laushi ta sunkuya, farin ruwanta ya ɗiga a ƙyallen tebur. Uwargida ta ɗaga murya har ana ji daga hanya, ta ce in gobe aka sake haka a nemo wani.

Da la'asar ya dawo ya zauna a tsakar gida yana ba Hawwa labari, da ɗan ɗaga murya yadda na bayan zana zai ji. Rahamatu na ɗaurayar kwanoni ta ji duka. Ta san ma'anar a nemo wani, ranar da ya tuɓe kaki mai unguwa zai tuna da shi. Ta ce da Hawwa, "Ni dai ban taɓa jin mutanen da ka aza abin da ba a ci tsakiyar abinci ba. Miƙo man kabar can."

Ta tsaga kaba siriri fiye da na faifai, ta jiƙa ta yi laushi. Furen da ta fi sani shi ne na kuɓewa, don shi take gani a bayan ɗakinta kowace damina, saboda haka shi ta fara yi: kunnuwa biyar ruwan ɗorawa, ta lanƙwasa kowanne a kan babban yatsanta, ta ɗinke cikin da jan karan dafi mai duhu. Ta yi bakwai. Ta ƙara da uku jajaye manya irin na gurjiya. Ta soka su a tsinkayen kaba, ta cika wani ɗan ƙoƙo da yashin rafi, ta kakkafa su, dogaye a tsakiya gajeru a gefe, ta cusa gashin zabo biyu da wata 'yar zangarniyar maiwa don kada abin ya yi tsirara. Sai ta ɗora ƙoƙon a kan ƙaramin faifai mai baƙin baki. Da safe ta ajiye a ƙofar ɗakin Hawwa ta ce, "A kai ma masu cin fure."

Uwargida ta zauna cin abincin rana ta ga abin, ta miƙa yatsa ta taɓa. Audi ya ce da idonsa ya ga ta share hawaye. Daga ranar ba a sake jin muryarta a hanya ba. Duk Juma'a Rahamatu na sake sabo: wani mako ɓawon kuka ta goge ta cika da busasshen soɓorodo, wani mako ƙwallayen goruba uku a cikin kwando ɗan mitsitsi da furen auduga na kaba a kansu. Tana yi tana mita cewa aikin banza ne, alhali in ta gama sai ta ajiye shi a kan turmi, ta ja da baya ta ƙare masa kallo, ta dawo ta gyara tsinke ɗaya. Wata biyu ta yi tana barci da daɗi, an yi diba har sau biyu ba a taɓa gidanta ba.

Wata rana uwargida ta tambayi Dawuda wa ke yin wannan aiki. In ya ce uwarsa ce, cewa za a yi a kawo ta a gani, kuma a Kankia mace mai mutunci ba ta taka bariki, sunan da ake kiran matan da ke zuwa can ba ya faɗuwa. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ne. Uwargida ta tafa hannu, ta kira mijinta ta nuna masa Dawuda kamar yau ta fara ganinsa.

Ana gobe za su tashi, takarda ta zo an mai da Baturen Ikko, can bakin teku. Uwargida ta ce ba ta tafiya sai da mai shirya mata tebur. Baturen ya kira Dawuda ya gaya masa ya ɗaure kayansa. Dawuda ya durƙusa ya ce a yi masa rai, yana da tsohuwa a gida, ba ta da kowa sai shi. Baturen ba mugu ba ne. Ya ce in gaskiya ne zai bar shi a aikinsa na bariki, har ya ba shi takardar da za ta tsare shi daga diba. Amma ya sha jin irin wannan, kowa aka ce ya tafi sai ya haifo tsohuwa. Nan take ya tura akawunsa ya je ya gano, ya kuma ce Dawuda ya tsaya a bariki har akawu ya dawo.

Akawun mutumin kudu ne, mai tsabta, mai gaskiya a aikinsa. Ya iya Hausa ta kasuwa da ta ofis, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa yadda uwa ke yi da ɗan fari. Ya jingine kekensa a ƙofar gida ya yi sallama. Hawwa ta leƙo ta ga baƙon namiji da takarda, ta shige ɗaki ta saki labule. Rahamatu ta yafa zane ta tsaya a bakin zaure daga ciki.

"Sannu Mama," in ji shi. "Nan ne gidan Dawuda na bariki?"

"Nan ne gidan Manu, Allah ya jiƙanai."

"Ke ce uwar Dawuda?"

Shekara ashirin da shida ana yi mata wannan tambaya, mata a gidan biki, 'yan talla, baƙi, wasu don tsokana. Amsar ta zauna mata a baki, ba sai ta nemo ta ba. Ta kau da kai ta ce, "Ɗan Turai ne."

"Ina Turai ɗin?"

"Tana Bauranya."

"Tana da mai kula da ita a can?"

"Ɗiyanta maza huɗu, duk sun yi iyali, Alhamdu lillahi."

Akawu ya ɗan tsaya, ya sake tambaya don ya tabbatar, "To ke ba ke kika haife shi ba?"

Rahamatu ta ja zane ta rufe rabin fuska, har tana jin haushin rashin ta-idon mutumin. Ta ce, "Na ce maka ɗan Turai ne." Wani tsoho maƙwabci da ke fiƙe ƙota a gindin darbejiya ya ji duka, ya yi 'yar dariya ya girgiza kai, don a ganinsa ko jariri ya fahimci abin da ake nufi. Ya ci gaba da fiƙarsa. Akawu ya rubuta abin da ya ji, ya yi godiya, ya hau kekensa.

Bayan la'asar Dawuda ya shigo. Bai yi sallamar da ya saba ba. Ya zauna a kan turmi ya gaya wa Hawwa komai, yadda ya roƙa, yadda aka tura akawu, yadda Baturen ya karanta takarda ya kira shi maƙaryaci a gaban kuku. Ya ce gobe da hantsi za su tashi, in ya ƙi kuma a tuɓe masa kaki a miƙa sunansa ga mai unguwa. Bai ɗora wa kowa laifi ba. Rahamatu na bayan zana da basilla a hannu. Ta saki basillar, ta dafa ƙasa da hannu biyu. Da bakinta, a ƙofar gidanta, ba duka ba zagi, ta ba da shi.

Ta jima a haka, sai wani tsoron ya zo ya danne na farko. Dawuda bai iya saƙa ba. In suka kai Ikko aka ce ya yi fure ya kasa, kora za a yi masa a garin da bai san kowa ba. Ta ɗauko kaba da kaskon rini ta fito tsakar gida, ta zauna ta ba shi baya, kusa da shi fiye da yadda ta taɓa zama. Ta ɗaga hannuwanta sama da kafaɗa yadda na baya zai gani, ta fara magana da kabar. "Ke kaba, ba a tsaga ki da bushe, sai an jiƙa. Daga nan aka kamawa, a ja a hankali. In an lanƙwasa, a danne da babban yatsa, kar a saki sai an soke." Ta ji motsinsa ya jawo wata kabar. Ta ji ta karye a hannunsa. Ta ce, "Ba komi, kaba ta saba karyewa, a ɗauki wata." Suka yi ta yi har aka kira magariba. Ya yi fure ɗaya, karkatacce, kunne huɗu. Hawwa na tsaye a ƙofar ɗaki tana kuka ba sauti.

Gari ya waye, Dawuda ya ɗauki ƙunshinsa. Ya tsaya a tsakar gida ya ce da Hawwa, "Ki ce ma Inna ta yafe man." Rahamatu na cikin ɗaki, ta ji, ba ta fito ba. Ta ji takunsa ya wuce zaure, ya wuce rijiya, ya ɓace. Ta zauna kamar minti nawa, Allah ya sani. Sai ta miƙe, ko takalmi ba ta sa ba, ta fita.

Mutanen Kankia sun ga abin da ba su taɓa gani ba, Rahamatu matar Manu tana sauri a kan hanyar bariki, zane na zamewa daga kanta. Ta iske babbar mota an gama ɗaure kaya, lebura da 'yan kallo cike da wurin, Baturen da matarsa sun shiga gaba. Dawuda na bisa akwatuna a baya. Ta ratsa maza ta je gaban akawu.

"Ni na haihe shi," in ji ta. "Dawuda ɗana ne. Ni na haihe shi, ba ni da kowa sai shi. Huren ma ni ka yi, ba shi ba. Ku sauko man da ɗana."

Tsoho Audi ya cire hula ya rufe fuska. Dawuda ya miƙe tsaye a kan kaya, ya dube ta, ita ma ta dube shi, fuska da fuska, a gaban duk garin. Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya ce, "Inna."

Akawu ya duba takardarsa, ya dube ta, ransa ba daɗi. Ya ce, "Mama, jiya sau biyu na tambaye ki. Yanzu wanne zan ce wa Bature ƙarya ne, na jiya ko na yau?" Audi ya matso yana rantsuwa, mutane suka ɗauka gaba ɗaya, kowa na faɗin ita ce, wallahi ita ce. Akawu ya je tagar mota ya yi magana. Baturen ya leƙo ya ga taro na hayaniya da wata tsohuwa ba takalmi, ya duba agogo, ya ce sun shirya wannan ne tun jiya. Ya ɗaga wa direba hannu.

Ta bi motar har gadar farko, tana kiran sunan, sannan motar ta ɓace mata.

Dawuda bai dawo ba. Bayan shekara guda wani ɗan kasuwar goro ya ce ya gan shi a Ikko, ya rame amma yana aiki. Daga nan ba a sake jin komai ba, ko na rai ko na mutuwa. Hawwa ta jira shekara huɗu, alƙali ya raba auren, Rahamatu da kanta ta yi mata faifan kai wa sabon gida. Ta ci gaba da sana'arta don sai an ci abinci, amma ba wanda ya sake ganin ta yi fure, har da malaman makaranta suka fara sayen tebur suna aiko mata a yi musu irin na bariki.

Ta rayu shekara goma sha shida bayan haka, ta rasu ana saura kaɗan Turawa su tafi. Mata sun ce tun ranar bariki kanta ya ɗan taɓu, don kunyar nan da ake yabo ta tafi gaba ɗaya. Amma kanta lafiya lau yake. Duk ranar kasuwa takan je inda motocin Kano ke tsayawa, ta tsaya da faifanta a ka, duk baƙon da ya sauko ta tare shi ta tambaye shi ko daga kudu yake. In ya ce i, sai ta ce ko ya san wani Dawuda, dogo, mai aikin tebur. Baƙo kan ce, "Wane ne shi a wurinki, Iya?"

"Ɗana ne," takan ce, da ƙarfi, yadda na nesa ma zai ji. "Ɗan farina ne. Ni na haihe shi."